Idan Ɗan Kwana-kwana Ya Rasu A Bakin Aiki: Tarihin Haƙƙin Iyalinsa



Daga shigowar hunturu har zuwa zafin bazara, labarin gobara ba ya yanke mana. A watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a daidai kwanakin da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama. A Janairun 2021 sai babbar kasuwar Sakkwato, bayan wata biyu kuma ta Katsina. Kowane karo lissafin iri ɗaya ne: shago nawa, miliyan nawa, wane ne ya zo jaje, wane kwamiti aka kafa. 'Yan kwana-kwana ba a cika ambatonsu ba sai wajen zargi, a ce sun makara, ko sun zo da mota ba ruwa. Wani lokaci har da jifa. Ba mu ce zargin ba ya da tushe ba. Amma akwai tambayar da ba mu saba yi ba: mutumin nan da ke kutsawa inda kowa ke gudowa, idan bango ya rufta masa ko hayaƙi ya shaƙe shi, me matarsa da 'ya'yansa ke samu? Wa zai biya, kuma daga ina wannan haƙƙi ya samo asali?

A zamanin kakanninmu babu wata sana'a da ake kira kashe gobara. Garuruwa irin su Mungadi, Maiyama da Aliero ɗakunan ciyawa ne da dangar kara, rumbuna kuma a jere a bayan gida. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin Daular Usmaniyya, kuma duk wanda ya san rumfar kasuwa ta zana da itace ya san abin da tartsatsi ɗaya zai iya yi mata a cikin iska. Idan wuta ta tashi sai a yi yekuwa, gari duka ya fito: mata da tuluna, samari da ƙasa da ɗanyen ganye, wasu su hau su yaye jinkar maƙwabta don a datse wa wutar hanya. Wanda ya rasa ransa a irin wannan, ba ma'aikacin kowa ba ne, don haka ba a bin kowa bashin ransa. Malamai sun lissafa wanda gobara ta ci cikin shahidai, da wannan ake yi wa iyali ta'aziyya. Ɗawainiyar marayu kuwa sai ta koma kan dangi. Ƙane ko wa ya ɗauki yaran, sau da yawa ya auri uwarsu bayan ta fita takaba, gonar mamaci tana nan ana noma ta, zakkar hatsi tana shigowa da kaka. Tsari ne da ya yi aiki domin abincin gida daga gona yake fitowa, kuma gona ba ta mutuwa tare da mai ita. Albashi kuwa yana mutuwa tare da mai shi. A nan ne matsalar zamaninmu ta faro.

Kashe gobara a matsayin aikin albashi daga Turai ya zo mana. A birnin Landan, kamfanonin inshora ne suka haɗa kuɗi a 1833 suka kafa rundunar kashe gobara guda ɗaya, domin su ne ke biyan asara idan gini ya ƙone. Shugabanta James Braidwood ya mutu ne a bakin aiki ranar 22 ga Yuni 1861, lokacin da bango ya faɗo masa a gobarar rumbunan ajiya ta titin Tooley. Asarar wannan gobara ce ta sa kamfanonin suka ce nauyin ya fi ƙarfinsu, a 1866 aikin ya koma hannun hukuma. Ra'ayin biyan diyya ga ma'aikacin da ya mutu a wurin aiki ya biyo baya. Jamus ta yi dokar inshorar haɗari a 1884 zamanin Bismarck, Ingila ta yi tata a 1897. Sabon abin da waɗannan dokoki suka kawo shi ne, ba sai matar mamaci ta je kotu ta tabbatar da cewa sakacin uban gida ne ya kashe mijinta ba. Ya isa a ce aikin ne ya yi sanadi. Wannan ƙa'ida ita ce har gobe ginshiƙin duk wata doka ta diyyar ma'aikata, har da tamu.

A Najeriya rundunar kashe gobara ta fara ne a 1901 a Legas, a matsayin wani sashe na 'yan sanda. Turawan mulki sun san zancen kula da matan mamata da marayu sarai, domin tun wajen 1914 suna da asusun fansho na matan ma'aikata da marayunsu a Afirka ta Yamma. Sai dai na jami'ai Turawa ne. Baƙin mutum da ke riƙe da mesa bai shiga ciki ba. Sai a 1941 aka yi dokar diyyar ma'aikata ta farko a ƙasar nan, wato shekara 44 bayan ta Ingila, sannan dokar fansho ta 1951 ta biyo.

A wannan shekara ta 1951 ne Arewa ta ga gobarar da har yau dattawan Kano ke ba da labarinta, ta siniman El-Duniya, ranar 13 ga Mayu, inda mutum 331 suka rasu. Abin da ya fi yawo a bakin jama'a bayan gobarar shi ne muhawara kan halaccin zuwa sinima, da ko azaba ce ta sauka. Irin wannan muhawara mun gaje ta. Idan masifa ta auku mun fi saurin tattauna laifin waɗanda ta ci, a kan tattauna kayan aiki da haƙƙin waɗanda aka ɗora wa nauyin ceto.

A 1963 majalisa ta yi dokar da ta raba aikin kashe gobara da 'yan sanda, ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Amma a lokacin hurumin dokar yankin tarayya ne na Legas. Sauran ƙasa kowace gwamnatin yanki ta ji da kanta, kuma da aka ƙirƙiro jihohi sai nauyin ya bi su. Mu nan mun bi ta Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga maganarmu, domin ya haifar da 'yan kwana-kwana iri biyu. Akwai na tarayya, ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, a hukumar gudanarwa ɗaya da jami'an shige da fice, na gidan gyaran hali da Sibil Difens. Akwai kuma na jiha, wanda ma'aikacin gwamnatin jiha ne kamar malamin asibiti ko akawun ma'aikata. Su biyun za su iya shiga wuta ɗaya, rufi ɗaya ya danne su, amma takardun iyalansu su bi hanyoyi daban, su fito a lokuta daban da adadi daban.

Dokar soja mai lamba 102 ta 1979, wadda ta tsara fanshon ma'aikatan gwamnati na tsawon shekaru 25, ta bambanta wanda ya rasu yana cikin aiki da wanda aikin ne ya kashe shi. Na biyun, ban da giratuti, an tanadar wa matarsa fansho, 'ya'yansa ma da nasu kaso har su girma. Amma akwai wani sharaɗi da aka kwafo daga dokokin Turawa: matar za ta ci gaba da karɓa ne muddin ba ta sake aure ba. Mu dubi wannan da idon ƙasarmu. Yarinya 'yar shekara 24 mijinta ya mutu a gobara, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Iyayenta, malamai da al'ada duk suna son ta yi aure, kuma shi ne mutuncinta a wurinmu. Doka kuma ta ce ranar da aka ɗaura, kuɗinta ya tsaya. Wanda ya rubuta sharaɗin yana tunanin sabon miji zai ɗauki nauyinta. Bai yi tunanin cewa a nan sabon mijin galibi mai iyali ne, kuma agola ba kullum yake samun wurin zama a gidan ba. A ganinmu wannan yana cikin misalai mafi bayyana na dokar da aka ɗinka da awon wasu mutane aka sa mana.

A 1987 gwamnatin Babangida ta sabunta dokar diyyar ma'aikata. Ita ta ce idan ma'aikaci ya mutu sanadin aiki ya bar waɗanda suka dogara da shi kacokan, za a biya su albashinsa na wata 42 a dunƙule. Shekara uku da rabi ke nan. Bayan nan an sallame su.

Tsarin da ake kai yanzu ya tsaya ne a kan dokoki biyu. Ta farko ita ce dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, wadda aka sake yi a 2014. Ita ta kawo asusun ajiyar fansho na kowane ma'aikaci da hukumar PenCom, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta rukuni, wadda ba za ta gaza ninki uku na dukkan albashin shekara ba. Wannan ana biyanta ko a gobara mutum ya mutu ko a kan gadonsa, in dai yana cikin aiki. Dokar 2014 ta ƙara da cewa idan uban gida bai yi inshorar ba, shi zai biya daga aljihunsa. Ta biyu ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar shekarar, aka damƙa wa hukumar NSITF. Mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba tare da an cire ko kwabo daga ma'aikaci ba. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, sojoji kawai aka ware. Maimakon kuɗi a dunƙule, sai ta koma biya wata-wata: mata da 'ya'ya biyu ko fiye su karɓi kashi 90 cikin 100 na albashin mamaci, mata da ɗa ɗaya kashi 85, kuma rabon yara yana tafiya har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Bari mu buga lissafi don abin ya fito fili. A Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Kebbi. Mu ɗauka a misali ƙaramin ɗan kwana-kwana yana karɓar daidai wannan. Albashinsa na shekara 900,000 ne, ninki uku ya zama miliyan 2.7, kuɗin inshorar rai ke nan. A tsohuwar dokar 1987, wata 42 zai ba da miliyan 3.15. A dokar 2010 kuwa, idan ya bar mata da yara uku, za su riƙa karɓar 67,500 duk wata. Cikin wata 40 sun karɓi daidai da kuɗin inshorar, kuma idan autan yana goye ne lokacin rasuwar, da sauran shekaru masu yawa a gaba. A takarda wannan ci gaba ne babba, kuma hikimarsa a fili take ga duk wanda ya taɓa ganin yadda kuɗin mamaci na dunƙule ke narkewa: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, bashin da aka bari, baffan da ya karɓa zai juya. Abin da ke shigowa wata-wata ya fi kama da gonar da muka ambata a baya. Rauninsa ɗaya shi ne an ɗaure shi da albashin ranar mutuwa, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Kuma kashi 90 ɗin nan shi ne ƙololuwa, ko mata ɗaya aka bari ko huɗu, ko yara biyu ko goma sha biyu.

To ina gizo ke saƙa? Wuri na farko shi ne biyan kuɗin shiga. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi cewa idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Inshorar rai ta rukuni shekara-shekara ake sabunta ta. Idan gwamnati ta yi jinkirin biya, wanda ya mutu a cikin wannan giɓi kamfani ba zai kula iyalinsa ba, sai su koma layin jiran gwamnati. Wuri na biyu shi ne jihohi. Dokar fansho ta tarayya ba ta hawa kan ma'aikacin jiha sai jiharsa ta yi tata dokar ta kuma aiwatar, shi ya sa ake da salo iri-iri: Jigawa da Kano suna da nasu tsarin na asusun haɗaka, Kaduna ta bi na PenCom. Rahotannin da PenCom ke fitarwa sun sha nuna cewa jihohin da ke da inshorar rai mai aiki ga ma'aikatansu 'yan kaɗan ne, ita ma NSITF ta daɗe tana bin gwamnoni tana roƙon su shigar da ma'aikatansu. Saboda haka tambayoyin da ya kamata 'yan majalisar jiha masu wakiltar Maiyama, Jega da Aliero su ji daga bakinmu gajeru ne: shin 'yan kwana-kwanan jiharmu suna da inshorar rai da aka biya ta bana? Shin ana zuba musu kashi 1 ɗin nan? Gwamnan da ya fito daga shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa da ƙungiyar ƙwadago ba baƙo ba ne ga waɗannan tambayoyi.

Wuri na uku ya fi kusa da mu, domin a cikin gidajenmu yake. Kuɗin asusun fansho ba ya fita sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu da ke ba da izinin kula da dukiyar mamaci, tare da shaidar mutuwa da sauran takardu. Matar da ke cikin takaba ba za ta yi zirga-zirgar Birnin Kebbi ba, sai wani namiji a dangi ya karɓi fayil ɗin. Sannan akwai gurbin da ma'aikaci ke cikewa ranar da aka ɗauke shi aiki, inda ake rubuta makusancin da za a nema idan wani abu ya faru. Yawancin samari sunan wa ko ƙane suke sawa, domin lokacin ba su yi aure ba, kuma ba sa komawa su gyara. Mutane da yawa sun ɗauka wanda sunansa ke wurin shi ne mai kuɗin. Ba haka ba ne. Abin da ya zama dukiyar mamaci, a wurin Musulmi, rabon gado ne ke hukunta shi, kuma ɗan'uwa ba ya gado inda akwai ɗa namiji. Kuɗin wata-wata na dokar 2010 kuwa doka ta ambaci masu shi da kanta, wato waɗanda mamacin ke ciyarwa. Rashin bambance waɗannan biyun ya raba zumunci a gidaje da yawa, kuma nan ne muke ganin malamanmu da alƙalan kotunan shari'a suna da aikin wayar da kai da ba su yi sosai ba.

Idan muka leƙa waje za mu ga wasu ƙasashe ba su bar ɗan kwana-kwana cikin jerin sauran ma'aikata kawai ba. A Faransa tun 1926 akwai gidauniyar da ke ɗaukar nauyin marayun 'yan kwana-kwana. A Ingila an kafa asusun taimakonsu a 1943, saboda yawan waɗanda suka mutu suna kashe wutar bama-baman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana nan har yau. A Amurka, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a 1976 kan dokar da ta ce gwamnatin tarayya za ta biya dala 50,000 ga iyalin ɗan sanda ko ɗan kwana-kwanan da ya mutu a bakin aiki, ko da ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramin gari. An ɗaga kuɗin zuwa 100,000 a 1988 aka kuma ɗaure shi da hauhawar farashi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda 'yan kwana-kwanan New York 343 suka mutu rana ɗaya, aka mai da shi 250,000, yanzu ya haura 400,000. Ba adadin ne ya ja hankalinmu ba, don ba a gwada tsawon kaba da na giginya. Abubuwa biyu ne: tarayya ta ɗauki nauyin na jiha don kada talaucin jiharsa ya shafi marayunsa, kuma kuɗin yana tafiya da farashin kasuwa.

Sun kuma gane cewa ba kowace mutuwar aiki ce ke faruwa a gaban jama'a ba. A 2003 Amurka ta shigar da bugun zuciya da shanyewar jiki da suka auku cikin awa 24 bayan aiki mai wahala. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Ku tuna namu da ke shiga hayaƙin roba, katifa da maganin feshi, sau da yawa ba abin rufe hanci na kirki, ko su sauka tsohuwar rijiya ciro wanda ya faɗa. Wanda ya yi shekara 15 a haka, tari ya kama shi ya rasu a gida, za a ce ajali ne, kuma ajalin ne. Dokar 2010 ta san da cututtukan da aiki ke jawowa, amma sai da shaidar likita, mu kuwa muna binne mamacinmu cikin sa'o'i, babu wanda zai tsaya neman rahoton asibiti.

Sojoji suna da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, ana kuma ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka faɗi a fagen daga. 'Yan sanda mukan ga Sufeto Janar yana raba wa iyalai cek. Ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, 4 ga Mayu, wadda aka fara a 1999 bayan mutuwar wasu biyar a gobarar daji a Ostareliya, takan wuce a nan ba wanda ya sani.

Akwai kuma rukunin da duk dokokin namu suka tsallake, kuma su ne suka fi yawa a yankinmu. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta Yawuri da Koko ta ratsa ƙasar Maiyama zuwa Jega, tankokin mai ne ke bin ta dare da rana, kuma abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone, ya nuna abin da tanka ɗaya ke iya yi. A ƙauyukanmu, kafin mota ta iso daga birni, waɗanda ke tarar wuta su ne 'yan ga-ruwa, 'yan acaɓa, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da 'yan sintiri. Dokar Amurka ta 1976 ta haɗa da 'yan sa-kai, in dai ƙungiyarsu tana da rajista da hukuma. Namu dokokin duka sun rataya ne a kan kalmar ma'aikaci da adadin albashi. Saurayin da ya mutu yana fito da yaran maƙwabci daga ɗaki a Mungadi ba ya da lambar fayil, ba ya da albashin da za a ninka sau uku. Iyalinsa suna nan inda iyalin kakansa suke a ƙarni na 19, ga dangi da zakka, sai dai yanzu gonar an raba ta ta ƙanƙance, ƙannen da za su ɗauki yaran kuma rabinsu suna ci-rani a Legas da Fatakwal. Ƙananan hukumomin Maiyama, Jega da Aliero za su iya yi wa irin waɗannan matasa rajista a matsayin 'yan sa-kai na kashe gobara, a ba su horo a saya musu inshorar haɗari ta rukuni, kuma majalisar jiha tana da hurumin yin dokar da za ta ba da damar haka, tunda kashe gobara ba ya cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya.